Mun yi yawa a Nijar, to amma ina muke zuwa?

Mushen Ƙauye:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wata magana da ake ta yawo da ita, wai 'yan Nijar sun yi yawa har ƙasa ta kasa ɗaukarsu, shi ya sa samari suke ta kwarara Turai. Rabin maganar gaskiya ne, rabin kuwa ƙage.

Yawa kam an yi. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da 'yan kai. Ta 1988, miliyan 7 da kwata. Ta 2001, miliyan 11. Ta 2012, miliyan 17 da dubu 138. Yanzu ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haura miliyan 26. Wannan ba mai musu.

Amma batun Turai fa? Mu nan Adar, da an yanke gero an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, gari sai ya zama na tsofaffi da mata da yara. Samari sun watse: Abijan, Kwatano, Legas, Kano, wasu Libiya. Da hadari ya fara haɗowa sai ka ga motoci suna sauke su a tasha, kowa da jakarsa da buhun shinkafa. Haka kakanninmu suka yi, haka muke yi. Ni a ganina cirani shi ya riƙe ƙauyukanmu, ba shi ya kashe su ba. Wanda yake da ja, bismilla.

Alhajin Kwari:
Wa alaikumus salam Malam. Ni tun daga kalmar "mun yi yawa" na ja da baya. Yawa a ina? Ƙasar Nijar ta fi Najeriya faɗi, mu kuma mun haura miliyan 200 muna zaune lafiya lau. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Wannan waƙar ta Turawa ce, kada mu karɓi amshi.

Ɗalibin Yamai:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, faɗin nan da kake gani a taswira yaudara ce. Ƙasar murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267 ce, gaskiya, amma wajen kashi biyu cikin uku hamada ce. Jihar Agadas kaɗai ta cinye fiye da rabin ƙasar, a 2012 kuwa mutanenta ba su kai dubu 500 ba. Ko mutum ɗaya ba ya faɗawa a kowace murabba'in kilomita. Ka juyo kudu: Damagaram miliyan 3 da rabi, Maraɗi miliyan 3 da dubu 400, Tawa miliyan 3 da dubu 300. Waɗannan ukun kawai sun tashi da kashi 60 cikin 100 na jama'ar ƙasa. Su ma ba a bazu ko'ina cikinsu ba, an cunkushe ne a ɗan zirin da ya jingina da iyakar Najeriya, inda ruwan sama yake isa a noma gero. A wajajen Kance da Magarya da Madarunfa mutum fiye da 100 ne a murabba'in kilomita, kuma kusan duk da fartanya suke ci.

Bambancinku da mu ke nan. Ku kuna da Kano da Legas da Fatakwal da suke shanye mutane. Mu a 2012 mutum 84 cikin 100 a karkara suke, birnin da ya kai miliyan ɗaya kuwa Yamai ce kaɗai.

Alhajin Kwari:
To ai ka ba ni gaskiya ɗana. Matsalar rashin masana'antu ce da rashin birane, ba haihuwa ba.

Inna Ungozoma:
Alhaji kai kana shago, mu ne a ɗakin haihuwa. Bari in faɗa maka abin da muke gani. Yarinya 'yar shekara 15 da cikin fari, ƙugu bai gama buɗewa ba, an kwana biyu ana naƙuda a gida kafin a ɗoro ta a amalanke. Ko mace da goyo a baya, ciki a gaba, wani yana jan zane, jini ya ƙare mata sarai. Binciken lafiya na 2012 ya nuna mace ɗaya a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a tsaka-tsaki, babu ƙasar da ta kai mu a duniya a lokacin. Wanda aka sake yi a 2021 ya nuna an sauko 6.2. Kuma 'yan mata 76 cikin 100 an aurar da su kafin su cika 18.

Ba wanda ya ce a daina haihuwa. Mu kwanika muke yaƙi da ita. A ba mace hutu ta yaye wannan kafin ta ɗauki wancan, shekara biyun shayarwa ma ai a Alƙur'ani take. A nan jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje, inda magidanta suke zama su tattauna awon ciki da tazarar haihuwa, don an lura mace ba ta zuwa likita sai maigida ya yarda. Inda mazan suka shiga, mu da kanmu mun ga canji a layin awo.

Alhajin Kwari:
Hajiya ban musa wahalar mata ba, Allah ya saka muku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da Macron, shugaban Faransa, ya tsaya a taron manyan ƙasashe a Jamus a 2017 yana maganar matan Afirka masu haihuwar bakwai da takwas. Wanda ya kwashe yuraniyom ɗin Arlit tun 1971 shi zai zo yana ƙirga mana 'ya'ya?

Inna Ungozoma:
Macron ba ya cikin ɗakin haihuwa, ni ce a ciki. Don ya faɗa ba zai sa in ga jini in ce ruwa ne ba.

Ɗalibin Yamai:
Akwai abin da ku biyun kuka tsallake. Yawan nan ba don mata sun ƙara haihuwa ba ne, kakanninmu ma haka suke haihuwa. Mutuwar yara ce ta ragu. A binciken 1992, cikin yara 1000 da aka haifa, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. A 2006 an sauko 198, a 2012 an sauko 127. Rigakafin ƙyanda, gidan sauro, da kuma maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka mai da kyauta a 2006 zamanin Tanja. Wato wani ɓangare na abin da ake kira matsala, nasara ce aka samu.

Kuma a wannan binciken na 2012 da aka tambayi mata 'ya'ya nawa suke so, amsarsu ta kai tara, ta maza ta fi haka. Mutane ba kuskure suke yi ba, so suke yi. Manomin da ba shi da fansho, ba shi da tarakta, ya kuma binne 'yan'uwansa uku yana yaro, lissafinsa daidai ne a wurinsa. Sai dai lissafin gona ba ya bin nasa. Ƙaruwar kashi 3.9 a shekara tana nufin jama'a suna ninkawa duk shekara 18. Gona kuwa ba ta haihuwa. Uba ya bar eka goma, 'ya'ya maza biyar suka raba, jikoki su sake rabawa, a ƙarshe kowa ya tashi da abin da ba zai ci da shi wata huɗu ba. Hutun gona da ake yi da can, a bar saura ta yi shekaru ta farfaɗo, ya ƙare a kudancin Maraɗi da Damagaram.

Mushen Ƙauye:
Madalla, ka kawo mu inda nake so. Gero na wata huɗu ko biyar, shekara kuwa wata goma sha biyu ce. Wa yake cike giɓin? Ɗan cirani. Kuma amfaninsa biyu ne, mutane ɗaya kawai suke gani. Na farko kuɗin da yake aikowa ta Nita ko Amana ko hannun direba. Na biyu, wanda ya fi, bakinsa da ya ɗauke daga rumbu. Gida mai samari uku, in suka tafi wata shida, tuwon ƙarti uku na wata shida ya rage wa mata da yara. Shi ya sa ko yaro ya dawo hannu rabbana, tsohonsa ba ya cewa an yi asara.

Abin da yake damuna a matsayina na mai koyarwa daban ne. Da can sai mai gemu yake tafiya. Yanzu yaro ɗan aji biyar zai ga sa'ansa ya dawo daga Abijan da waya da takalmi, kafin a dawo hutu benci ya zama wayam.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaisuwa daga Gana, iyayena da yayyena. Ni jikan ɗan cirani ne, sai dai namu ciranin bai koma ba. Ina so in tuna muku hanyar nan ta girmi Nijar ɗin kanta. Fatake suna zuwa Gwanja sayen goro, suna sauka Salaga, tun Bature bai zo ba. Da Faransa ta kafa mulki ta ɗora lanho, wato haraji, da aikin tilas, sai tafiya Kurmi ta ƙaru, domin dole a nemo kuɗin biya, wasu kuma gudu suka yi zuwa ƙasar Ingilishi. Aikin tilas ɗin sai 1946 aka soke shi. Zabarmawa da Adarawa da Gobirawa suka cika Kumasi da Akra, dako, gonakin koko, ramukan zinariya, sayar da yadi. Har yau in ka shiga kasuwar albasa a Akra, Zabarmanci da Hausa za ka ji, albasar kuwa ta Galmi ce.

Amma ina da gyara ga Mushe. Cirani yana riƙe ƙauye ne muddin maƙwabci ya bar ƙofa a buɗe. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice daga Gana. Kakana yana ba mu labarin mutanen da suka sayar da gida a kuɗin akuya. Najeriya ta yi nata a Janairun 1983 zamanin Shagari. Ana ta cewa 'yan Gana aka kora, amma 'yan Nijar da yawa suna cikin motocin nan.

Mushen Ƙauye:
Gyaranka ya karɓu ɗan'uwa, kuma akwai wanda ya fi waɗannan ciwo. A 1984 damina ta ƙi, a daidai lokacin kuma Najeriya ta rufe iyakokinta. Ba hatsi ya shigo, ba mutum ya fita nema. Har yau tsofaffinmu suna kiran yunwar shekarar da sunan Buhari. Fari kaɗai an saba da shi. Fari da rufaffiyar iyaka shi ne mutuwa.

Alhajin Kwari:
Wannan kam haka ne. Rufewar 2019 da ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 mu ma a Kano mun ji a jikinmu. Jibiya da Maigatari da Illela kamar an yi ruwa an ɗauke. Kuma ku sani, 'yan'uwanku da ke nan masu ga-ruwa da masu shayi da masu gadi, tun da naira ta faɗi kuka suke. Mutum ya tara na wata shida, ya je canji a mayar masa sefa, ya ga abin bai taka kara ya karya ba. Da yawa da na sani sun daina zuwa, sun juya arewa.

Tsohon Direban Sahara:
To tunda an zo arewa, ku matsa mini. Na ci tuwo da hanyar Agadas zuwa Libiya tun ina yaron mota.

Da farko maganar Turai. Mushe ya yi gaskiya. Waɗanda muke ɗauka masu niyyar tsallaka teku 'yan Gambiya ne, Senigal, Gine, Kodebuwa, kudancin Najeriya. Ɗan Nijar in ya hau motarka, Sabha zai je, ko Tirabulus, ko Misrata, ya yi leburanci ko aikin lambu ko kiwo shekara ɗaya ko biyu ya dawo ya yi aure ya sayi shanun huɗa. Ka ce masa ya shiga jirgin roba, sai ya tambaye ka wa zai nome masa gona. Shaida kuwa ita ce 2011. Da yaƙin Gaddafi ya tashi, fiye da mutum dubu 200 suka dawo gida, ga rikicin Kodebuwa a lokaci guda, ga damina ba ta yi kyau ba. Masu aiko da kuɗi suka koma masu jiran a ba su.

Sannan yadda sana'ar take. Ba a ɓoye muke yi ba. Duk Litinin ayari yake tashi daga Agadas, da rakiyar sojoji har Dirku. Daga nan Segedin, Madama, Tumo, ka shiga Gatrun. Ana biyan kuɗin tasha, ana rubuta sunaye a shinge. Yawancinmu da can masu yawo da 'yan yawon buɗe ido ne a Ayar da Tenere. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka kashe wannan, muka koma ɗaukar fasinja. Rana ɗaya aka ce an yi dokar hana safarar baƙin haure, ta watan Mayun 2015, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016. Abin da kake yi jiya da rasit a hannu, yau ya zama laifin ɗaurin shekara biyar zuwa goma, a kuma ƙwace mota. Fasinjan ɗan CEDEAO ne, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), yarjejeniyar 1979 ta ba shi damar yawo cikin Nijar, kuma a cikin Nijar ɗin ake kama ka, iyaka tana can nesa da ɗaruruwan kilomita.

An yi alkawarin jari na sefa miliyan ɗaya da rabi ga wanda ya bar sana'ar. Dubbai muka rubuta suna, 'yan ɗaruruwa suka gani a farko.

Ɗalibin Yamai:
Baba, amma alƙaluma sun nuna dokar ta yi aiki. Hukumar ƙaura ta duniya ta ƙirga fiye da mutum dubu 330 da suka fita ta Segedin da Arlit a 2016. A 2017 ba su kai dubu 70 ba.

Tsohon Direban Sahara:
Yaro, sun ƙirga wanda ya bi ta gabansu. Wanda ya kashe fitila ya zagaye gari da dare, ya kauce wa rijiya don jandarma suna zaune a bakinta, wa ya ƙirga shi? Da can in motarka ta lalace, kafin yamma wata ta iske ka, don hanya ɗaya ce. Bayan dokar kowa ya buɗe tasa hanyar. Taya ta fashe ko direba ya hango ƙura ya zaci sojoji ne, ya sauke mutane ya ce yana zuwa. Sahara ba ta ajiye gawa a inda za a gani, iska take rufewa. Kuɗin mota kuma ya ninka, sana'ar ta fita daga hannun masu tsoron Allah ta koma hannun masu bindiga.

An soke dokar a Nuwamban 2023, ayarin Litinin ya dawo. Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Libiya ta yau ba ta Gaddafi ba ce, akwai gidajen da ake tsare mutum ana dukansa ana kiran danginsa a waya. Kuma samarinmu da yawa yanzu ba Libiya suke nufa ba, zinariya suke bi. Tun da aka gano ta Jado a 2014, sai Cibarkaten kusa da iyakar Aljeriya, ramukan nan sun ɗauke ƙarti daga kowace jiha.

Alhajin Kwari:
Allah ya kyauta. Amma ku gaya mini gaskiya, matan nan na wajen Damagaram da ake kwasowa daga Aljeriya da yara suna bara, wannan ma cirani ne? Ni abin kunya nake gani. A 2022 har jirgi aka tura Dakar aka kwaso su.

'Yar Kance:
Alhaji na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma ka taɓo gida. Ba na kare bara, kuma ba na kare matar da take karɓar 'ya'yan maƙwabta ta tafi da su don a raba abin da suka samo. Wannan zalunci ne, yaran sun rasa makaranta, wasu sun rasa rai. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. 52 yara ne, 33 mata. Yawancinsu namu ne. Akwai gidajen da har yau ba a ambaton shekarar.

Amma ka tambayi kanka me ya sa Kance, me ya sa mata. Ɗalibi ya faɗa, nan ne aka fi cunkushewa, gona ta zama tafin hannu. Da can matanmu Kano da Daura da Kazaure suke zuwa aikatau da rani, daka da wanke-wanke, mazan kuma suna can gaba. Da rikicin Boko Haram ya yi zafi, naira kuma ta yi ta sauka, wannan ƙofa ta ƙuntace. Sai wata ta je Tamanraset ta dawo ta yi ɗakin kwano ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Kishiyarta tana kallo. Mijin da ya tafi shekara uku ba aike ba saƙo, ya bar mace da 'ya'ya shida, shi ba a kiransa abin kunya, sai ita da ta tashi nema.

Tun ƙarshen 2014 da aka yi yarjejeniya da Aljeriya ake dawo da su a manyan motoci. Wata an dawo da ita ta sake komawa, don abin da ya kore ta yana nan inda ta bar shi.

Inna Ungozoma:
Allah ya jiƙansu. Ƙanwata kin faɗi abin da ke raina. A ƙara da cewa mijin ɗan cirani yakan dawo wata uku, ya bar ciki, ya tafi. Kuma ba za ta iya zuwa a ba ta maganin hutu ba, don in ya ji za a ce me take nema da shi miji ba ya gari.

Tsohon Direban Sahara:
'Yan Nijar ma gata ake yi musu, ana kawo su cikin ayari. Sauran baƙaƙen fata a wurin da ake kira Fuwan Zero ake zubar da su, su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ce a 2024 kaɗai fiye da mutum dubu 30 Aljeriya ta koro ta nan. Asamaka kuwa ɗan ƙauye ne, ruwan shansa ma bai ishe shi ba.

Babarbaren Difa:
Kuna ta maganar masu fita, ba wanda ya ambaci masu shigowa. Mu a Difa tun 2013 muke karɓar mutanen Borno, daga Malam Fatori da Damasak da Abadam. Da aka kai hari Boso da Difa a Fabrairun 2015, aka kuma kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, sai namu ma suka zama 'yan gudun hijira a ƙasarsu. Ku bi babbar hanya ku ga bukkoki. Akwai sansanin Sayam Foraj, amma mafi yawa cikin gari da gefen hanya suke, tare da mu. Jihar da ba ta kai mutum dubu 600 ba a 2012. Noman tattasai a bakin Komadugu da kamun kifi, waɗanda su suka sa mu ba mu cika zuwa cirani ba, dokar ta-ɓaci ta tsayar da su shekaru.

Maraɗi ma tun 2019 take karɓar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka koro, wajajen Gidan Rumji da Cadakwari. Tilaberi da arewacin Tawa suna da 'yan Mali tun 2012. Alhaji, a rubuta wannan ma, kada a ce kullum mu ne a ƙofarku.

Alhajin Kwari:
An rubuta. Wallahi ban taɓa jin an kori ɗan Najeriya daga Maraɗi ba, wannan alheri ne.

Bafulatanin Dakwaro:
Ashe Babarbare ya iya magana mai ma'ana, yau na ga abin mamaki. To bawana ka gama, bari ubangidanka ya ɗora.

Duk lissafin nan na gonaki, a kan wa ake faɗaɗa su? A 1961 an yi doka an ja layi, aka ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, ba a noma. Ku zo kwarin Tarka ku gani ko layin yana nan. Wanda gona ta ƙare masa a kudu, arewa yake hawowa ya share makiyaya. Burtali ya tsuke, an shuka gero har bakin rijiya. Mu kuma tafiyarmu ba ta neman kuɗi ba ce, ciyawa muke bi: damina mu hau arewa har Ingal shanu su lashi gishiri, rani mu gangara kudu. Kudun ma ana rufewa. Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, Benin ta hana shigowar garkunan waje a ƙarshen 2019, dajin Zamfara kuwa ba mai hankalin da zai kai dabbarsa. Wanda ya san kisan makiyaya da aka yi a Toda ta jihar Maraɗi a 1991 ya san inda matsatsin nan yake kaiwa. Shi ya sa kuke ganin 'ya'yanmu a birane suna gadi, matanmu suna tallan magani har Abijan da Dakar. Garke ya ƙare.

Babarbaren Difa:
Bawa dai shi ne mai kwana a daji da sanda. Amma maganarka gaskiya ce, mu ma rikicin da ke tsakanin manoma da makiyaya a bakin Komadugu ya ƙaru tun da aka hana shiga tafki.

Ɗalibin Yamai:
Kada mu rufe ido ga abin da ya yi kyau. A Maraɗi da Damagaram ɗin nan da aka fi cunkoso, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tsiron itace a gona maimakon sassabe shi duka, musamman gawo. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 aka farfaɗo da ita haka, itace wajen miliyan 200. Inda mutane suka fi yawa nan itacen ya fi yawa. Alhaji zai ji daɗin wannan.

Alhajin Kwari:
Na ji kuwa. Ka ga mutum ba baki kaɗai yake zuwa da shi ba, har da hannu biyu.

Inna Ungozoma:
Hannu biyun sai ya kai shekara 15 yake aiki Alhaji. Rabin 'yan Nijar kuwa ba su kai 15 ɗin ba. Kafin nan wa yake ɗauke da su? A kawo aji, a kawo malami, a bar yarinya ta gama koleji. Duk wadda ta yi karatu ba sai na roƙe ta ta huta ba, da kanta take zuwa.

Mushen Ƙauye:
'Yar Kance, tambaya gare ki. Kuna da kwarin Korama, ruwa kusa, ana rake da kabewa da tumatir. Mu ma inda ake albasa da rani, Galmi da Madawa da Tabalak, samari ba sa watsewa kamar na kan tudu. Me ya hana lambu ya tsayar da naku?

'Yar Kance:
Fadamar ba ta kowa ba ce Mushe, tana da masu ita, wanda ba shi da gado a ciki sai dai ya yi ƙwadago. Yashi kuma yana cinye wasu tafkunan. Sannan raken da tumatirin ina ake kai su? Najeriya. Ranar da aka rufe iyaka, a gona suke ruɓewa. Ku ma albasarku da ake bi da ita ta Gaya zuwa Kwatano da Gana, tun 2023 da gadar Malanbil ta iyakar Benin ta rufe ai kun ga yadda ta kasance.

Ɗan Zangon Kumasi:
Shi ne abin da nake tsoro. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, an fito da fasfo na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso. A lokacin CEDEAO ta ce a ci gaba da barin mutane suna shige da fice da tsoffin takardunsu har sai an sake zama. Amma wannan sanarwa ce, ba yarjejeniya ba, ana iya janye ta da wata sanarwar. Ina roƙon masu 'yan'uwa a nan Gana da Kodebuwa su matsa musu su yi katin ofishin jakadanci da takardar zama tun yanzu. Na 1969 ma sai da aka ce sati biyu sannan kowa ya tuna ba shi da takarda.

Tsohon Direban Sahara:
Takardar zaman Kodebuwa nawa take yanzu? Ina da yara biyu a Abobo, in gaya musu.

Ɗan Zangon Kumasi:
Baba ka ce su je wurin sarkin 'yan Nijar na unguwarsu, shi zai raka su. Kada su ba ɗan kamasho kuɗi a bakin titi.